Abu Na'ama da ƙauyukan Shuɗin Nilu: yadda matakan yaƙi da korona suka shafi jinyar yau da kullum

A watan Maris na 2020 gwamnatin Sudan ta rufe iyakoki, ta kafa dokar hana fita da dare, ta kuma dakatar da motocin safa masu zirga-zirga tsakanin jihohi domin daƙile annobar korona. An tsara matakan ne da tunanin manyan birane, inda cutar ta fara ɓulla. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu kuwa, irin su Abu Na'ama da Mai Wurno, samun jinya ya dogara ne a kan abubuwa uku: hanyar da za ta kai mara lafiya gari, ma'aikacin da zai tarar a can, da maganin da ake kawowa daga Hartum. Matakan sun taɓa dukkan ukun a lokaci guda, kuma illar ta fito fili bayan watanni, a alƙaluman shan inna da zazzaɓin cizon sauro.

Yankin da mutanensa

Abu Na'ama gari ne a jihar Sinnar, a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinja babban birnin jihar, a kan hanyar da ta nufi Damazin. An san shi da tashar binciken aikin gona da kuma tsohon aikin noman rama na gwamnati. Ƙasar yankin baƙar laka ce mai albarka, ana noma dawa da riɗi da ruwan sama, ana kuma lambu a bakin kogi.

Hausawa da Fulani sun daɗe suna sauka a wannan yanki a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya ja jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, wasu dubbai suka biyo baya don aikin gona. Jikokinsu 'yan Sudan ne a yau, kuma da yawa suna zaune ne a ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona da ke nesa da babban asibiti.

Yadda tsarin jinya yake tafiya

Tsarin kiwon lafiya na Sudan hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ɗakin shan magani ko cibiyar lafiyar iyali, inda galibi mataimakin likita ne ke duba marasa lafiya, sai ungozomar ƙauye da aka horar, wadda ake kira daya da Larabcin Sudan. Sama da su akwai asibitin karkara, sannan asibitocin Sinja da Sinnar. Abin da ya fi ƙarfin waɗannan sai Wad Madani, inda cibiyar kula da masu cutar daji ta Jami'ar Jazira da asibitin ƙoda suke, ko kuma Hartum.

Ma'anar wannan ita ce mai naƙudar da ta zo da gardama, da mai wankin ƙoda sau biyu a mako, da mai karɓar maganin daji a kan jadawali, duk matafiya ne kafin su zama majinyata. Kuɗin kuma daga aljihun iyali yake fitowa: kafin annobar, kimanin kashi biyu bisa uku na abin da ake kashewa a kan lafiya a Sudan, magidanta ne ke biya kai tsaye. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya nuna mata 295 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a ƙasar.

Yankin bai huta ba kafin zuwan korona. A watan Satumba na 2019 kwalara ta ɓarke a jihohin Shuɗin Nilu da Sinnar, har aka shirya rigakafin ɗigon baki ga mutum kusan miliyan 1.6 a watan Oktoba. Ma'aikatan da suka yi wannan aiki su ne dai korona ta tarar bayan wata biyar.

Matakan da aka ɗauka

Ranar 13 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Sudan, wanda ya riga ya rasu a Hartum kwana ɗaya kafin sanarwar. Nan da nan aka rufe makarantu da jami'o'i. Ranar 16 ga wata aka ayyana dokar ta-ɓaci ta fuskar lafiya, aka rufe filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da iyakokin ƙasa. Daga 24 ga Maris dokar hana fita ta fara aiki daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, daga baya aka ƙara tsawonta. Ranar 26 ga wata motocin safa na dogon zango suka tsaya. Ranar 18 ga Afrilu aka kulle jihar Hartum baki ɗaya na mako uku, aka yi ta ƙara wa'adin har zuwa 8 ga Yuli, lokacin da aka fara sassautawa.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Firaminista Abdalla Hamdok ce ta ɗauki matakan, Dakta Akram Ali al-Tom yana ministan lafiya. Ba ta kai shekara guda a kan mulki ba, kuma ta gaji baitulmalin da babu kuɗin waje a ciki, ga layin mai da na burodi a kowane gari.

Da hanya ta rufe

Dokokin ba su hana mara lafiya neman magani ba, amma sun ɗauke motar da yake hawa. Talakan ƙauye ba shi da motar kansa. Idan safa ta tsaya, abin da ya rage shi ne shatar mota, a lokacin da man fetur ke tsada kuma yake wuyar samu. Wanda aka ba takardar komawa Wad Madani ko Hartum sai ya zaɓa tsakanin sayar da dabba ko hatsi don biyan shata, da kuma ɗage tafiyar.

Ɗagewa ba ta da illa iri ɗaya ga kowa. Mai ciwon ƙoda da ya rasa zama biyu ko uku na wanki, ruwa da guba kan taru a jikinsa cikin kwanaki. Mai tarin fuka yana buƙatar shan magani wata shida ba yankewa, kuma tsayawa a tsakiya na iya dawo da cutar da ƙwayar da ba ta jin magani. Mai ciwon suga ko hawan jini yana iya yin makonni ba alama, sannan shanyewar jiki ta zo farat ɗaya. Akwai kuma cututtukan da yankin ya shahara da su. Jihar Sinnar na cikin wuraren da suka fi fama da maisetoma, kumburin ƙafa da ke cin nama da ƙashi bayan ƙaya ta soki manomi, wanda jinkiri kan kai shi ga yanke ƙafa. Kala-azar, zazzaɓin da ke kumbura saifa, shi ma yana nan a gabashin jihar da Gadarif, kuma yakan kashe yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba.

Dokar hana fita da dare ta fi nauyi a kan masu juna biyu. Naƙuda ba ta duba agogo, kuma zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i biyu. Ko inda jami'an tsaro ke barin mara lafiya ya wuce, samun direban da zai yarda ya fito da dare wata wahala ce ta daban.

Asibiti ba ma'aikaci, kanti ba magani

Wanda ya samu ya isa gari ma ba lallai ya tarar da ƙofa a buɗe ba. A watannin Afrilu da Mayu asibitoci da dama, musamman a Hartum, sun rufe ko sun rage aiki saboda ƙarancin kayan kariya da kamuwar ma'aikata. Wasu sassa an mayar da su wuraren killace masu korona. Mai fuka ko ciwon zuciya da ya zo da sarƙewar numfashi ya zama abin tsoro, sai a yi ta tura shi daga wannan asibiti zuwa wancan. Fushin 'yan uwan majinyata ya koma kan likitoci, aka yi ta kai musu hari, har suka yi barazanar yajin aiki a watan Mayu, gwamnati ta fito da dokar hukunta masu cin zarafin ma'aikatan lafiya.

Jama'a su ma sun ja baya. Tsoron kamuwa da cuta a asibiti, da tsoron a killace mutum ko a hana iyalinsa gawarsa, sun sa mutane da yawa zama a gida da ciwon da a da za su kai wa likita.

Sudan na shigo da mafi yawan magungunanta daga waje. Rufe filayen jiragen sama da tsaikon masana'antu a Indiya da Sin sun haɗu da ƙarancin dala, sai magungunan yau da kullum suka yi ɓatan dabo a kantuna. Hauhawar farashi ta wuce kashi 200 cikin 100 a watan Satumba na 2020. A watan Fabrairu na 2021 aka karya darajar kuɗin ƙasar daga fam 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. Ga iyalin da ke rayuwa da ƙwadagon gona ko ƙaramin ciniki a kasuwar mako, rufe kasuwa da tsadar magani sun zo ne tare.

Babu wanda ya ƙirga mace-macen wannan lokaci dalla-dalla, amma binciken masana na kwalejin Imperial da ke Landan, da aka fitar a watan Disamba na 2020, ya ƙiyasta cewa kashi 2 cikin 100 kacal na mutanen da korona ta kashe a Hartum ne suka shiga rajista, wato kimanin mutum 16,000 sun mutu ba a lissafa su ba.

Rigakafin yara da dawowar shan inna

Jadawalin rigakafin yara a Sudan yana farawa ne ranar haihuwa, sai a mako na 6, na 10 da na 14, sannan allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 18. Ana ba da shi ta hanya uku: a cibiya, ta ma'aikatan da ke fita ƙauyuka a ranaku sanannu, da ayarin mota da ke bin makiyaya da wurare masu nisa. Ƙauyukan bakin kogi da sansanonin gona sun fi dogara ga hanya ta biyu da ta uku, kuma su ne suka fara tsayawa idan babu mai, babu izinin tafiya, aka kuma hana taruwa.

A ƙarshen Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba ƙasashe shawarar dakatar da gangamin rigakafi na gama-gari na ɗan lokaci, shirin kawar da shan inna na duniya shi ma ya tsayar da bi gida-gida. Ranar 9 ga Agusta Sudan ta sanar da ɓarkewar shan inna, karo na farko tun 2009 da aka ga na ƙarshe na asalin ƙwayar cutar a ƙasar. Yara biyu na farko, ɗaya a Darfur ta Kudu ɗaya a Gadarif, maƙwabciyar Sinnar, sun shanye ne a watan Maris da farkon Afrilu, kuma gwaji ya danganta ƙwayar da wadda ke yawo a Chadi.

Wannan nau'i yana samuwa ne inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, wadda ke kare yaron da ya sha. Idan ta fita ta bayan gida ta yi watanni tana yawo tsakanin yaran da ba su da kariya, tana iya sauyawa ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Yaron da ya kammala rigakafinsa ba ta taɓa shi. Maganinta shi ne gangami cikin gaggawa, kuma shi ne abin da ya yi jinkiri a 2020. Zagaye na farko na faɗin ƙasa sai a ƙarshen Nuwamba aka yi shi, na biyu a Janairun 2021, kowanne ya kai ga yara fiye da miliyan 8 'yan ƙasa da shekara biyar. Kafin nan cutar ta shanye yara 58 a jihohi 15 cikin 18. Sai a 2022 aka ayyana ƙarshen ɓarkewar.

Ba wannan ne karo na farko da cutar ta bi tsohuwar hanyar alhazai ba. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, ƙwayar ta ratsa Chadi ta shiga Sudan, ta shanye yara fiye da 100 a 2004. Dalilin tsayawar ya bambanta a lokutan biyu, sakamakon dai iri ɗaya ne.

Damina ta zo da nata

Damina a yankin takan fara a watan Yuni ta kai Oktoba, kuma baƙar laka na yanke ƙauyuka daga kwalta na tsawon makonni. Saboda haka watannin Afrilu da Mayu su ne lokacin kai magani da gidan sauro da kayan gwaji ƙauyuka kafin hanya ta lalace. A 2020 waɗannan watanni sun faɗa ne a tsakiyar kulle.

Daminar kuma ta zo da ambaliyar da aka shafe kusan shekara 100 ba a ga irinta ba. A ƙarshen Yuli madatsar Bout da ke jihar Shuɗin Nilu ta ɓalle ta rushe ɗaruruwan gidaje. A farkon Satumba kogin ya haura mita 17.5 a Hartum, gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. Mutum fiye da 100 suka mutu, sama da 800,000 abin ya shafa, kuma jihar Sinnar na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ruwa ya shiga unguwannin Sinja. Zuwa ƙarshen Satumba ofishin jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an samu masu zazzaɓin cizon sauro fiye da miliyan 1.1, cutar ta kai matakin annoba a jihohi 15. Ruwan da ya kwanta shi ya haifi sauron, amma ya tarar da cibiyoyin da suka yi rabin shekara suna aiki da rabin ƙarfi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Sudan ba ita kaɗai ba ce. Binciken WHO a ƙasashe 105, wanda aka fitar a watan Agusta na 2020, ya nuna kashi 90 cikin 100 sun samu tsaiko a ayyukan lafiya na yau da kullum, kuma rigakafin da ake kai wa ƙauyuka ne ya fi shafuwa, a kashi 70 cikin 100 na ƙasashen. Yara miliyan 23 ne suka rasa rigakafin farko a duniya a 2020, ƙarin miliyan 3.7 a kan 2019. Zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum 627,000 a shekarar, kuma WHO ta danganta kimanin 47,000 daga ciki da tsaikon da annobar ta haddasa. Masu tarin fuka da aka gano sun ragu daga miliyan 7.1 zuwa miliyan 5.8, mace-macen cutar suka ƙaru karo na farko cikin fiye da shekara goma.

A Kano, watan Afrilu na 2020 ya zo da yawan mace-macen tsofaffi a daidai lokacin da aka kulle gari kuma asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe. Ministan lafiya na Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 suna da alaƙa da korona, kuma da yawa suna da tsofaffin cututtuka. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ƙyanda ta kashe fiye da mutum 6,000 a 2019, ninki biyu da ɗoriya na waɗanda Ebola ta kashe a gabashin ƙasar, alhali hankali da kuɗi suna kan Ebola.

Abin da ya yi aiki

An samu wuraren da aka sauya salon aiki maimakon tsayar da shi. Ƙasashen Sahel, har da Nijar da arewacin Najeriya, sun ci gaba da rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara a daminar 2020, mai rabo yana tsaye nesa kaɗan, uwa ce ke ba yaro maganin da hannunta. Benin ta raba gidan sauro gida-gida maimakon tara jama'a a wuri ɗaya. A watan Yuni WHO ta fitar da jagora da ke neman kowace ƙasa ta fitar da jerin ayyukan da ba za a taɓa ba, ta raba masu tari da zazzaɓi da sauran majinyata tun daga ƙofa, ta kuma ba masu doguwar jinya maganin watanni a lokaci ɗaya. Masana na makarantar nazarin cututtuka ta Landan sun ƙiyasta cewa a Afirka, a madadin kowane mutum ɗaya da zai iya mutuwa saboda korona da aka ɗauka a wurin rigakafi, ci gaba da rigakafin zai ceci yara 84.

Ga wuri irin Abu Na'ama, darasin ya shafi abubuwa na zahiri: izinin wucewa ga motar mara lafiya da ungozoma tun ranar farko ta doka, kason mai na musamman ga motocin asibiti da ayarin rigakafi, da kai maganin damina ƙauyuka kafin watan Yuni ko da an kulle birane.

Bayan korona

Ranar 3 ga Maris 2021 Sudan ta karɓi allurar korona 828,000 ta shirin COVAX, aka fara da ma'aikatan lafiya. Tsarin bai gama farfaɗowa ba wasu masifun suka biyo. Rikicin ƙabilanci na Yuli da Oktoban 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya raba dubban Hausawa da gidajensu, da yawa suka nufi Sinnar da Farin Nilu. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya kai Wad Madani a watan Disamba na shekarar, ya kai Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a watan Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Asusun UNICEF ya ce yaran da ke samun allurar farko ta rigakafin jarirai sun ragu daga kashi 94 cikin 100 a 2022 zuwa 48 a 2024. A cikin wannan hali ne aka fara ba da rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Gadarif da Shuɗin Nilu a watan Nuwamba na 2024.

Abin da iyali za su riƙe

Yaron da ya tsallake allura ba a sake masa jadawali daga farko, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, don haka katin rigakafi abin adanawa ne tare da takardun tafiya, musamman ga masu ƙetare iyaka. Zazzaɓin ƙaramin yaro na buƙatar gwaji cikin sa'o'i 24. Zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai ko naƙudar da ta wuce sa'o'i 12 alamu ne da ba sa jiran gari ya waye, kuma yana da kyau a san direban da za a kira tun kafin watan haihuwa ya kama. Mai tarin fuka, ciwon suga, hawan jini ko ƙanjamau yana da damar tambayar ma'aikacin lafiya ko za a iya ba shi maganin wata biyu ko uku idan ana hasashen rufe hanya. Duk yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya kuwa, a kai rahotonsa cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, domin da irin wannan rahoto ake gano shan inna kafin ta bazu.